Mai Bulo da Gwajin Maɓallai

Akwai wani mutum a wani gari na bakin hanya, sana'arsa buga bulo. Tun yana saurayi yake kwaɓa yashi da siminti, har mutane suka manta da sunan da iyayensa suka raɗa masa, babba da yaro sai dai su ce Mai Bulo. Dattijo ne a ikkilisiya, wato jama'ar cocinsu. Ba ya sha, ba ya zagi, ba ya rage siminti a kwaɓi. Abu guda yake taƙama da shi: ba ya yanke hukunci a kan komai sai ya gwada da hannunsa. Bulon da bai ƙwanƙwasa ya ji ƙararsa ba, ba ya bari a ɗora shi a mota.

Hannun nan kuwa ba irin na kowa ba ne. Yatsunsa masu kauri ne kamar saiwar rogo. In ya rufe jarkar manja da safe, sai an jira ya dawo daga aiki kafin a ɗora miya. In ya gaisa da fasto, fasto yakan sa hannu a aljihu yana murmushin dole. Matarsa Gwamma takan ce, "Maigida, rufewa muka ce, ba walda ba." Shi kuwa sai ya riƙe baki yana mamaki, ya ce, "Ni fa a hankali na murɗa."

Yana da ƙane mai suna Tanimu, gidansu ɗaya. Tanimu ya yi ciwo ya rasu, ya bar matarsa Afiniki da yara ƙanana. A bakin kabari Mai Bulo ya yi alkawari a gaban jama'a cewa muddin yana numfashi 'ya'yan Tanimu ba za su bar gidan ubansu ba. Da yake Afiniki ta koyi buga rubutu kafin ta yi aure, sai ya gina mata ɗan shago a gefen filin da yake buga bulo. Ya sayo kwamfuta wadda aka taɓa amfani da ita, da na'urar fitar da takarda, da kibod, wato farantin nan mai jerin maɓallai da ake dannawa baƙaƙe su fito a fuskar kwamfuta. Mutane suka riƙa zuwa, wannan da takardar neman aiki, wancan da katin biki.

Afiniki ba ta duban maɓallan in tana aiki. Yatsunta goma suna sauka a kansu kamar yayyafi a kan rufin kwano, da sauri, ba nauyi. Mai Bulo yakan leƙo ta taga da shebur a hannu, ya ji wannan sauti, zuciyarsa ta yi sanyi, ya ce a ransa, "Tanimu, ka kwanta da salama."

Rani ya wuce, damina ta kama. Sai baƙaƙe suka fara zubewa daga rubutun Afiniki. Kalma za ta fito da giɓi a tsakiya kamar bakin yaro mai famfara. In ta koma baya tana cike giɓi, layi ya yi tsawo, mutane su yi tsaki su tafi. In ta yi sauri don ta sallame su, su dawo da takarda a hannu suna faɗa.

Wata safiya ta tsaya a bakin shago har ya zo wucewa, ta rusuna ta ce, "Yaya, akwai maɓallan da ba sa ji. Ina dannawa, ba sa fitowa."

Bai yi gardama ba. Ya wanke hannu a duro, ya goge a riga, ya zauna a kujerarta. Ya ce ta buɗe masa farin shafi. Ya miƙe manuniyarsa ya fara daga kusurwar hagu, yana bin maɓallan ɗaya bayan ɗaya, layi bayan layi, yana danna kowanne yadda yake ƙwanƙwasa bulo. Tebur yana girgiza. Baƙaƙe suka jeru a fuskar kwamfuta, babu wanda ya ɓace.

Ya ce, "Zo ki duba. Wanne ne babu?"

Ta duba. Ta ce, "Duk suna nan, Yaya. Amma ni in na..."

"To, alhamdu lillahi. Ki dai riƙa tattara hankalinki. Na san rashin nan bai sake ki ba tukuna."

Ba da mugunta ya faɗa ba. Ya tashi ya koma wurin yashinsa yana jin ya yi adalci, tunda bai ƙaryata ta ba sai da ya gwada. Daga ranar ya mai da abin al'ada: kowace safiya kafin a buɗe shago sai ya zauna ya bi maɓallan nan kaf, kuma kowace safiya sai su amsa masa.

Afiniki ta ga magana ba za ta fisshe ta ba, sai ta fara dukan maɓallan da ƙarfi. Amma wanda ya danna sau ɗaya ya tashi daban yake da wadda za ta wuni tana dannawa. Kafin azahar yatsunta sun kumbura, ƙarfinsu ya ƙare, giɓi ya dawo. Gwamma ta same ta a bayan ɗaki tana shafa musu man kaɗanya, ta je ta gaya wa mijinta.

Ya yi dariya ya ce, "Da bulo ne ya kumbura mata hannu, da na ji. Maɓalli? Abin da ko kaza ta taka zai shiga?"

Gwamma ta ce, "Kai dai kazarka ƙatuwa ce."

Bai kula ba. A ransa ya riga ya gama lissafi: yarinyar nan hankalinta ya rabu, kunya ce ta hana ta amsa laifi, shi ya sa take ɗora wa na'ura.

Da kaka ta yi, ikkilisiya ta shirya bikin godiya, aka gayyato baƙi daga garuruwa. Mai Bulo ya tashi a taron dattawa ya ce kada a kai takardar tsarin biki ko'ina, shagon gidansa zai buga, shi ne jingina. 'Yan kwamiti ba su kawo rubutun ba sai jajibiri da la'asar. Suka tsaya a kan Afiniki, wannan yana ƙara suna, wancan yana cewa a sāke waƙa, duk suna cewa ta yi sauri kada man janareta ya ƙare. Ta buga da kumburarrun yatsu, ta gyara abin da idonta ya kama, suka fizge takardun suka tafi.

Ran Lahadi aka rarraba. Sunan babban baƙo ya fito da giɓi har mai gabatarwa ya kasa karantawa. Waƙoƙi suka fito a guntule. 'Yan mawaƙa suna ɓoye fuska a bayan takarda suna ƙyalƙyala dariya. Mai Bulo yana zaune a kujerar dattawa, gumi yana bin wuyansa.

Da aka tashi, dattawa suka kewaye shi a gindin darbejiyar da ke ƙofar coci. Wani ya ce, "Dattijo, ka kunyata mu a gaban baƙi. Ko dai injin naka ruɓaɓɓe ne?"

Wannan kalma ta sosa masa inda ba ya so. Ya ɗaga murya yadda na nesa ma za su ji, ya ce, "Injina lafiyarsa ƙalau! Ni da hannuna nake gwada shi kowace safiya, maɓalli bayan maɓalli, jiya ma na gwada. Sakaci ne na mai bugawa. Na yi mata magana tun damina, ta ce wai maɓallai ba sa ji. Ba gaskiya ba ne. Daga yau na karɓi shagon."

Afiniki tana tsaye cikin mata, sanye da zanen zumuntar matan coci. Ta kama hannun yaranta ta bi hanyar gida. Ba a daɗe ba zumuntar mata, inda take magatakarda, ta zauna ta zaɓi wata, wai har sai hankalinta ya dawo jikinta.

Mai Bulo ya koma buga rubutun da kansa, da yatsa ɗaya. Takardar da Afiniki take gamawa kafin mutum ya gama gaisuwa, shi sai mai ita ya je kasuwa ya dawo. Amma babu giɓi ko ɗaya, wannan kuwa ya ƙara tabbatar masa cewa shi ke da gaskiya.

Sai wata rana Gwamma ta ajiye masa tuwo, ta zauna nesa kaɗan, ta ce, "Afiniki ta aika wa iyayenta. Da an gama Kirsimeti za su zo su ɗauke ta, ita da yaran."

Ya tsame hannu daga kwano. "Ita ta yi laifi, ita kuma ke fushi? Na hana ta hatsi ne? Na hana ta ɗaki?"

"Ba ka hana ta hatsi ba."

"To, me na hana ta?"

Gwamma ta ɗauki murfin kwano ta tashi. Shi kuwa ya ture tuwon gefe, gama ya tuna bakin kabarin Tanimu da abin da ya faɗa a wurin. Ya so ya hana tafiyar, amma bai ga ta inda zai fara ba, tunda a ganinsa ba shi ne zai nemi gafara ba.

Ana cikin haka, ran nan ana lodin bulo a mota, jerin sama ya zame ya danne masa hannun dama. Aka kai shi wurin mai ɗori, aka ɗaure hannun da karare da tsumma. Ya daɗe a gida. Afiniki ce take dafa ruwan da ake gasa masa hannun, ta ajiye a ƙofar ɗaki ta ce, "Sannu, Yaya," ta juya. Da aka kwance ɗorin, sai ga hannun ya rame, yatsun sun yi laushi kamar na mai jego. Cokali ma da ƙyar yake riƙewa. Ya ɗauki jarkar manja zai buɗe wa Gwamma, ta ƙi buɗuwa. Gwamma ta karɓa ta murɗe ta miƙa masa, ta ce, "Ka ga yadda duniyarmu take, Maigida. Barka da zuwa."

Kirsimeti ya ƙarato. Wata safiya ya ce bari ya buɗe shago, ko zaman banza zai ragu. Ya ta da janareta da hannun hagu, ya zauna, ya buɗe farin shafi. Bisa al'ada ya miƙe manuniyar hannun dama ya fara daga kusurwar hagu. Ya bi layin farko, ya bi na biyu, ya ɗaga kai.

Giɓi. Nan giɓi, can giɓi.

Ya ce, "Af! Ashe abin ya lalace da ba na nan." Ya sāke danna ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙi. Shiru. Haushi ya kama shi, ya kai masa duka da yatsan hagu, wanda bulo bai taɓa ba. Baƙin ya fito tsaf.

Ya tsaya. Ya danna da dama. Shiru. Ya danna da hagu. Ya fito. Dama, shiru. Hagu, ya fito.

Ya daɗe yana duban hannuwansa biyu a kan tebur. Sa'an nan ya ɗauko ƙusa ya ɓamɓare maɓallin. A ƙarƙashinsa akwai wani abu toka-toka da ya daskare. Ya kankare shi ya murza a tafin hannu. Ba ya bukatar kowa ya gaya masa ko mene ne, shekara da shekaru yana shaƙarsa. Ƙurar siminti ce. Ta taga take shigowa daga filinsa, ta kwanta a ƙarƙashin maɓallai duk rani, laimar damina ta zo ta kwaɓa ta, ta sandare.

Ya ce a hankali, "Wayyo, Tanimu."

Bai ko kashe janareta ba. Ya sami Afiniki a tsakar gida tana ɗaure kwanuka a cikin tsohon zane. Ya tsaya a kanta ya ce, "Afiniki, maɓallan nan ba sa ji."

Ta ɗago ta dube shi, ta dubi hannunsa. Ta ce, "Haka ne, Yaya."

"Na zalunce ki. Ki yafe mini. Ga makullin shago. Gobe zan shiga birni in sayo sabon kibod, in sa gilashi a tagar. Ki kwance kayan nan."

Ba ta karɓi makullin ba. Ta ce, "Na yafe maka tun ranar, Allah ne shaidata. Amma ba kibod ne zai kore ni daga garin nan ba."

"To, mene ne?"

"A tsakar gida ka zo ka gaya mini wannan, daga ni sai kai sai kaji. Waccan kuwa a ƙofar coci ka faɗe ta. Mutane abin da suka ji a can suke riƙe da shi. In na ce ina kwana a bakin rijiya, sai an duba rana kafin a amsa. 'Yata ta dawo daga makaranta tana kuka, an ce mata uwarta maƙaryaciya ce. In na koma shago gobe, cewa za a yi Mai Bulo ya ji tausayin matar ƙanensa."

Ya ce, "Zan gaya wa fasto, shi ya san yadda zai yi."

Gwamma tana bakin murhu, ba ta ko juyo ba ta ce, "Ranar darbejiya fasto ka aika?"

Ya juya ya fita. Kwanakin da suka rage kafin Lahadi bai buga bulo ba, bai kuma buɗe shago ba. Mutum ne da gari ya sani da cewa in ya ce ya gwada, magana ta ƙare. Wannan suna shi ne dukiyarsa, ya fi masa filin da shagon. Ya auna shi, ya auna alkawarin bakin kabari, ya sāke aunawa.

Ran Lahadi mutane suka ga abin mamaki: Mai Bulo cikin babbar riga yana tura baro da hannu ɗaya da rabi, kwamfuta da kibod a ciki. Da aka tashi daga sujada ya roƙi fasto kada a kashe janaretan coci, ya roƙi jama'a kada kowa ya tafi. Ya sa aka fito da tebur gindin darbejiya, aka jawo waya. Ya kira Kaka Yalwa, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a ikkilisiyar.

Ta ce, "Ni da ban san baƙi ba, me zan yi da akwatin Turawa? Ko miji za ka nemo mini a ciki?"

Jama'a suka yi dariya. Ya ce, "Ba karatu nake so ba, Kaka. Hannunki nake so. Taɓa nan, yadda kike taɓa goshin jikanki."

Ta taɓa. Babu abin da ya fito. Ya nuna mata wani, ta taɓa, shiru. Ya kira shugabar zumuntar mata ta bi layin da yatsanta, giɓi ya fito a inda ya saba fitowa. Sa'an nan shi ya bi layin da hannun hagu, tebur yana girgiza, baƙaƙe suka cika.

Ya juyo ya fuskanci jama'a, ya ɗaga murya kamar yadda ya ɗaga a wancan karo. Ya ce, "A nan na tsaya na ce Afiniki matar ƙanena ba ta faɗi gaskiya ba. Gaskiya ta faɗa. Na ce na gwada, kuma na gwada, amma da hannuna na gwada, ba da nata ba. Abin da ya toshe maɓallan kuma simintina ne. Kunyar da aka sha ran bikin godiya tawa ce. Duk wanda ya ɗauki maganata ya kai gida, ina roƙonsa ya ɗauki wannan ma ya kai, ya gaya wa 'ya'yansa."

Sai shugabar zumunta ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce, "To, mu ma da namu. Ba mu ko tambaye ta ba." Ta ratsa cikin mata ta kamo hannun Afiniki ta kawo ta gaba.

Mai Bulo ya miƙa makullin da ramammen hannunsa. Wannan karon ta sa hannu biyu ta karɓa. Ta ce, "Yaya, sai dai a aika wa su Baba kada su wahalar da kansu da neman mota."

Da yamma kwanuka suka koma kan kanta. Hannun Mai Bulo ya warke daga baya, ƙarfinsa ya dawo kusan kamar dā. Amma daga ranar, in ya rufe jarka, sai ya miƙa wa Gwamma ya ce, "Gwada mu gani."

'Yan'uwa, ma'anar wannan misali ita ce: Mai Bulo mu ne, mu da Allah ya ba ƙarfi ta wata fuska, ko lafiyar jiki, ko rufin asiri, ko baki da ake saurara a taro. Maɓallan su ne nawayar da muke ɗora wa juna a gida da ikkilisiya. Afiniki ita ce duk wanda ya zo ya ce mana, "Abin nan ya fi ƙarfina," muka taɓa da yatsanmu muka ce, "Ni ban ji nauyi ba."

Ku lura da kyau, Mai Bulo bai yi ƙarya ba. Ya gwada. Kowace safiya ya gwada. Laifinsa ya fi ƙarya wuyar ganewa, domin yana sanye da rigar adalci. Na koyar da yara har na yi ritaya, na kuma san cewa gwajin da ba a yi shi a yanayin mai aikin ba, ba gwaji ba ne, ko sau nawa aka maimaita. Mai babur yana cewa coci ba nisa. Mai ido garau yana cewa rubutun littafin waƙa ba ƙanana ba ne. Wanda 'ya'yansa suka girma yana mamakin mai goyo da ba ta zuwa addu'ar asuba. Wanda bai taɓa binne miji ba yana da ra'ayi a kan lokacin da ya kamata kuka ya ƙare. Duk sun gwada. Duk da hannun Mai Bulo suka gwada. Sau da yawa kuma, in ka ɓamɓare maɓallin, ƙurar da ta toshe shi daga filinmu ta taso: mu muka sa taro a lokacin da ya yi mana daɗi, mu muka kawo aiki a jajibiri muka tsaya a kan mutum.

Ubangijinmu Yesu bai yi mana haka ba. Da ya ga dama, da ya auna nawayarmu daga sama da hannun da ya kafa duwatsu, ya ce ba ta da nauyi. Amma ya sauko ya ɗauki jiki irin namu, mai jin yunwa, mai gajiya, mai kuka a bakin kabarin aboki. Da raunannen hannu ya taɓa rayuwarmu. Wanda yake kiran kansa mai binsa ba shi da izinin jira sai bulo ya faɗo masa kafin ya gaskata ɗan'uwansa. Tambaya ba ta da tsada: "Nuna mini yadda yake yi miki."

Saura magana ɗaya, ita ce kuma ta sa na rubuta wannan. Mun iya neman gafara a ɓoye. Mu ci mutuncin mutum a gaban taro, sa'an nan mu aika masa da kwanon shinkafa ta ƙofar baya, mu ce an shirya. Ba a shirya ba. Gafara tasa ce, ya bayar ko ya hana, tsakaninsa da Allah. Amma sunansa da muka ɓata, mu ne za mu gyara, a wurin da muka ɓata shi, a gaban waɗanda suka ji, da murya daidai da wadda muka ɗaga. In muƙami muka ƙwace, muƙamin za mu mayar, ba addu'a kaɗai ba. Abin da ya gaza wannan ba tuba ba ne, lallashi ne.

A cikinmu akwai waɗanda aka sauke daga hidima ba a ji ta bakinsu ba. Akwai waɗanda aka kira malalata a gaban jama'a, daga baya gaskiya ta fito, aka yi shiru kamar ba a yi ba. Ba zan kama suna ba, kun san su, kun kuma san kujerun da suka daina zama a kai. Wasu suna nan suna ɗaure kwanukansu, ba su gaya wa kowa ba. Ina roƙon dattawa, ina roƙon shugabannin zumunta, ina roƙon kowane maigida: kada a ce za a duba, kada a kafa kwamiti. Wanda ya san ya yi magana a gindin darbejiya, darbejiyar tana nan inda take, Lahadi kuma tana zuwa. Ya nemi baro.